Ranar da Mushe Kalla Ya Ce Ba Lakwal

Akwai wani saurayi ɗan Madawa, Kalla sunansa, da ya shiga makarantar horon malamai, waɗanda a can ake ce wa mushe, jim kaɗan bayan babban farin nan na shekarun saba'in. Maraya ne. Innarsa ce ta raine shi da sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ya san yadda ake ji idan malami ya tsallake ka ya tambayi ɗan mai hali, don shi ma an yi masa.

Shi ya sa duk lokacin da ɗalibai suka zauna hira bayan abincin rana, maganar Kalla guda ce: adalci a lakwal, wato makarantar boko.

Yakan buga benci ya ce, "Ranar da na samu aji nawa, ɗan hakimi da ɗan mai kiwon jakai wuri guda za su zauna. Ba ruwana da rigar yaro ko sunan ubanai. Lakwal ta kowa ce."

Wani abokin karatunsu mai suna Hamidu yakan yi dariya ya ce, "Kalla, bar mafarki. Ba kowa anka yi don karatu ba. Ka zaɓi goma masu kai ka tura su gaba, sauran su koma gona. In kowa ya zama mushe, wa zai noma hatsin da za ka ci?"

Sai gardama ta kaure. Kalla ya fi kowa baki, kuma kusan kullum shi ke cin nasara.

Babban amininsa, Sha'ibu ɗan Azarori, ba ya cika sa baki. Wata rana aka matsa masa ya faɗi nasa ra'ayin. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ni ban san abin da zan iya ba sai na ga yaran. Roƙona guda, kada wani yaro ya bar karatu saboda ni."

Kalla ya ce masa, "Kai dai ba ka da zafin zuciya, Sha'ibu. Da irin sanyinka ba a gyara ƙasa."

A shekararsu ta ƙarshe, cikin 1976, aka rarraba su koyon aiki. Kalla da Sha'ibu suka faɗa wani ƙauye a ƙasar Buza, ba nisa sosai da Deule. Aka ba Kalla aji uku, aka ba Sha'ibu aji biyu. Shugaban makarantar wani dattijo ne da ake kira Mushe Gado, wanda ya shekara ashirin da alli a hannu.

Satin farko Kalla ya lura da sunaye bakwai a rajista waɗanda kullum ba mai amsawa. Ya tambayi Mushe Gado.

Dattijon ya ce, "Ɗiyan Tungar Ango ne, can bisa dutsi. Tun lokacin yunwa sunka daina zuwa. Kar ka wahalar da kanka, mutanen nan ba su san darajar karatu ba."

Ranar Alhamis ba a shiga aji. Kalla ya ɗauki gorar ruwa ya hau dutsi, tafiyar kilomita shida cikin tsakuwa. Ya tarar da tunga mai gidaje kamar ashirin da rumbuna rabinsu wayam. Aka kai shi wurin wani manomi mai suna Tsoho, wanda mutanen tunga ke jin maganarsa.

Tsoho ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Mushe, ba yunwa kaɗai ta hana su ba. Wancan karon da munka ba da su, can baya anka aje su. Ana ce musu ɗiyan Azna. Mu ko tun zamanin ubana muke salla. Yaro shi yi tahiyar ga duka, shi zamna har rana ta hwaɗi ba wanda ya kira sunanai. Mi amfanin haka?"

Kalla ya ce, "Baba, ni ma ɗan talaka ne. An yi mini abin da anka yi musu. Na yi maka alkawari, muddin ina cikin ajin nan, abin da ɗan gari ya samu shi ɗiyanku za su samu."

Sau uku Kalla yana hawan dutsin. A zuwa na uku, bayan sallar la'asar, Tsoho ya miƙe gaban mazan tunga ya ce, "Na dubi idon yaron ga, ban ga ƙarya ciki ba. Ni dai na ba da Biba. Wanda ya yarda da ni shi ba da nashi."

Ranar Litinin yara bakwai suka sauko. Biba, ɗiyar Tsoho mai shekara goma sha ɗaya, ita ce a gaba.

Gaskiya Kalla ya yi ƙoƙari. Ya raba su cikin bencina na gaba. Ya hana a kira su da wani suna banda nasu. Da yake ba su iya komawa gida da rana saboda nisa, sai ya riƙa zama da su a inuwar aji yana maimaita musu abin da suka rasa. Shekara biyu suka yi ba karatu, saboda haka Faransancinsu ya yi rauni ƙwarai. Biba tana da saurin lissafi, amma in aka ce ta yi magana sai harshenta ya sarƙe, ta tsaya tana murza bakin zane. Duk da haka ba ta taɓa fashi ba.

Wata huɗu ana haka. Sai ga takarda daga Buza: mai duba makarantu, wanda suke kira ansifekta, zai zo ranar Litinin ya ga darasin malaman biyu. Makin da ya ba su shi zai raba gardama. Waɗanda suka zo kan gaba su ke zaɓar garin da za su yi aiki, sauran kuwa duk dajin da aka jefa su.

Kalla yana son Madawa kamar ransa. Idon innarsa ya fara rufewa, ba ta da kowa sai shi.

Mushe Gado ya kira su biyun ofishinsa. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya ce, "Ɗiyana, ku ji shawarar wanda ya riga ku. Ansifekta nuna yaro yake yi da yatsa ya yi tambaya. In ya faɗa kan wanda bai iya haɗa jimla ba, ku za a rage wa maki, ba yaron ba. Ku sallami raunanan nan yini guda. Talata su dawo. Kowa haka yake yi."

Sha'ibu ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri, ni ban iyawa. Su ne ajina. In ya gan su ya rage mini, to abin da na iya ke nan."



Da suka fito Sha'ibu ya dubi Kalla ya ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Ina tunani."

Kwana biyu yana tunanin. Ya ce wa kansa yini guda ba ya kashe karatu. Ya ce in ya samu maki mai kyau zai hau sama, in ya hau sama zai taimaki yara dubu, ba bakwai ba. Ya tuna innarsa tana lalube a tsakar gida.

Ranar Asabar da aka tashi, ya tsai da yaran tunga a bakin ƙofa. Ya ce, "Litinin ba lakwal. Ku huta, sai Talata."

Biba ta ce, "Mushe, ba Litinin baƙo zai zo ba? Na hardace karatun duka, har da na ƙarshen."

Bai dube ta ba ya ce, "An ɗaga."

Abin da Kalla ya manta shi ne Litinin ce ranar kasuwar ƙauyen. Tsoho ya sauko da akuya zai sayar, kuma tun da ba karatu sai ya taho da Biba ta riƙe masa igiya. Hanyar kasuwa ta bayan makaranta ta bi. Suka ga tuta a sama. Suka ga mota a gindin itacen bedi. Suka ji muryoyin yara suna amsa karatu.

Tsoho ya tsaya. Ya ce, "Biba, ba kin ce ba lakwal ba?"

Ta ce, "Haka Mushe yac ce, Baba."

Suka matsa jikin bango, ƙarƙashin taga. A daidai lokacin ansifekta yana riƙe da rajista. Ya ƙirga kawuna, ya tambaya da Faransanci ina sauran bakwai.

Kalla ya amsa da Faransancinsa mai kyau. Ya ce yaran wata tunga ce bisa dutsi. Ya ce iyayensu jahilai ne, ba su damu da karatu ba, ranar kasuwa sun fi son yaran su riƙe musu awaki. Ya ce shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Ansifekta ya girgiza kai cikin tausayi, ya rubuta wani abu.

A waje Tsoho ya sunkuya ya ce, "Mi suke cewa?"

Biba ta kau da kai. Ya sake tambaya. Sai ta fassara masa, kalma bayan kalma, ba ta bar ko guda ba. Tana faɗi tana kallon igiyar da ke hannunta.

Tsoho bai ɗaga murya ba. Bai shiga kasuwa ba ma. Ya koma tunga da akuyarsa da ɗiyarsa. Da la'asar, bayan motar baƙo ta tafi, ya sake saukowa shi kaɗai da wani ƙunshi. Ya tarar da Kalla a ƙofar aji, malamai suna yi masa barka, don kowa ya ga darasinsa ya yi kyau.

Tsoho ya yi sallama, ya kwance ƙunshin. Alluna bakwai ne da littattafai.

Ya ce, "Mushe, ga kayan gwamnati. Ka ƙirga, sun cika."

Kalla ya ce, "Baba, lahiya?"

"Lahiya lau. Muna bayan taga da hantsi. Ni ban jin Nasaranci, amma ɗiyata tana ji. Kai ka koya mata." Ya naɗe tsumman ya sa a aljihu. "Da ka ce mini, Baba, ka riƙe su yini guda, ina jin tsoron babbana, wallahi da na riƙe su. Kowa na jin tsoro. Amma kac ce mu ne ba mu so."

Ya juya ya kama hanyar dutsi.

Talata ta zo, yaran ba su zo ba. Laraba ma haka. Sha'ibu ya ce wa Kalla, "Tahi tunga ka ba su haƙuri. In kana so in raka ka."

Kalla ya ce, "Bari su huce. Alhamis mai zuwa."

Alhamis ta zo ya ce zazzaɓi yake ji. Wadda ta biyo baya ya ce yana shirya takardu. Gaskiyar ita ce ba ya iya tsayawa gaban Tsoho. Sati uku bayan haka koyon aiki ya ƙare, suka hau babbar mota suka bar ƙauyen, bai hau dutsin ba.

Sakamako ya fito. Kalla ya zo na biyu, aka ba shi Madawa. Sha'ibu kuwa ansifekta ya rubuta cewa ajinsa yana da rauni, ya zo can tsakiya, aka tura shi wani ƙauye a ƙasar Keita inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako.

Kalla ya zauna kusa da innarsa har ta rasu bayan shekara biyar. Ya ci gaba a aiki. Aka yi masa shugaban makaranta, daga baya aka mai da shi mai ba malamai shawara. Sababbin malamai sukan zauna gabansa yana yi musu bayani kan cewa lakwal ta kowa ce. Suna tafa masa. Shi kuwa duk ranar da ya yi wannan magana sai abinci ya ƙi shiga. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba, har matarsa. Wasiƙun Sha'ibu ma ya daina amsawa, don kunya.

Cikin 1988 aka tura shi zagayen ɗaukar sababbin ɗalibai a ƙasar Keita. A lokacin ana aikin farfaɗo da ƙasar noma a yankin. Mata ne suka fi yawa a aikin, suna ɗauko duwatsu a ka suna jerawa a gangare don tare ruwa. Farin 1984 ya tashi tungaye da yawa, mutanensu suka zo suka kafa sabon zama kusa da wurin aikin.

A ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni aka tara masa iyaye. Ya yi jawabinsa, jawabin da ya saba. Mai unguwa ya ce, "Mushe, mutanen ga ba su ba da ɗiya. Ka yi magana da shugabar mata, ita ce ke yi musu tafinta da masu aikin."

Aka kira ta. Wata mace ce ramammiya, gammo a ka, hannuwanta sun yi kanta saboda dutse. Ta dube shi ta gaishe shi da Faransanci, a hankali, kamar mai taka ƙaya. Sannan ta koma Hausa.

"Mushe Kalla, ba ka gane ni ba. Biba ce, ɗiyar Tsoho."

Kalla ya nemi dutse ya zauna.

Sannan ya ce, "Ina Baba?"

"Ya rasu shekarar fari, kahin mu taso."

"Sauran yaran fa?"

Ta ce biyu sun tafi cin rani bakin teku, ɗaya bai sake aiko da labari ba. Ɗaya ta mutu wurin haihuwa. Sauran suna nan, su ma dutse suke ɗauka. Ta ce tun daga waccan Litinin ba ɗan Tungar Ango da ya sake taka aji. Shekara goma sha biyu ke nan.

Kalla ya dubi yaran da suka kewaye su suna kallon motarsa. Sun fi talatin. Wasu har sun fara tasawa.

Ya ce, "Biba, don Allah ki yafe mini. Tsoro na ji. Ƙarya na yi muku."

Ta ce, "Ni na daɗe da yafewa, Mushe. Amma ba ni ka fi cuta ba. Baba ne ya tsaya gaban mutane ya ce ya dubi idonka. Bayan abin nan, in ya buɗa baki a taro sai wani ya ce, Tsoho, wanga ma ka dubi idonai? Sai a yi dariya. Daga baya ya daina zuwa taron. Har ya rasu bai sake ba kowa shawara ba."

Kalla ya rufe fuska da hannu, gaban mata da yara, ya yi kuka. Da aka buga ƙarfen komawa aiki, Biba ta gyara gammonta ta tafi.

Ashe makarantar Sha'ibu tana kilomita biyar daga wurin. Har lokacin yana can, ya mai da aji biyu sun zama shida. Kalla ya je ya same shi. Sha'ibu ya rungume shi, bai tambaye shi zancen wasiƙu ba.

Kalla ya ce, "Ni ke da baki, kai ke da aiki. Mi zan yi yanzu?"

Sha'ibu ya ce, "Wanda ya wuce ba ya dawowa, abokina. Amma unguwar nan ba ta da aji."

Kalla ya koma ya rubuta takarda yana roƙon a sauke shi daga ofis a mai da shi malamin aji a wannan unguwa. Manyansa suka ce ya zauce. Matarsa ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. A ƙarshe aka amince. Ya kafa rumfar zana a bakin hanya, ya jingina allo, ya zauna jira.

Shekarar farko yara huɗu ya samu, kuma ba ko ɗaya daga mutanen Tungar Ango. Suna gaishe shi, suna kawo masa ruwa in jarkarsa ta ƙare, amma ɗiyansu a gida.

Da shekara ta zagayo ya ji labarin da ya faranta masa rai: Biba ta yanke shawarar sa ɗiyarta Zaliha lakwal. Ita ce ta farko a cikinsu. Ya share rumfa, ya gyara wuri a bencin gaba.

Ranar buɗe makaranta ya hango su tafe, uwa da ɗiya. Ya fito bakin hanya. Suka gaishe shi, suka wuce.

Ya bi su da sauri ya ce, "Biba, ina za ku? Ga aji nan ƙofar gidanku."

Ta ce, "Wurin Mushe Sha'ibu zan kai ta."

"Kilomita biyar fa! Yarinya ƙarama. Ba kin ce kin yafe mini ba?"

Ta tsaya, ta dube shi ba tare da fushi ba. Ta ce, "Na yafe maka har ga Allah, Mushe. Amma yafiya daban, ba da ɗiya daban."

Daga wannan rana, kowace safiya Zaliha takan biyo ta gaban rumfarsa da gorar ruwanta. Ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Mushe." Ya amsa mata, ya tsaya da alli a hannu yana kallonta har ta haye gangare. Sannan ya juya wurin yaran da ke jiransa.

Darasi: Faɗin adalci da baki ba wuya, kowa na iyawa a inuwa. Ana gane mai adalci ne ranar da gaskiya za ta ci masa maki, ko muƙami, ko garin da yake so. Malamai da masu shirin zama malamai, yaron da kuka ɓoye yini guda don ku yi kyau a idon babba, wataƙila ƙofar karatu kuka rufe wa zuriya guda. In kuma kun yi kuskure, ku je ku ba da haƙuri tun mutumin yana raye, kada ku ce sai Alhamis mai zuwa. Ku tura wannan labari ga duk malamin da kuka sani, da duk wanda aka damƙa wa amanar ɗan wani.